Haɗin Huraira

Duk Gangaren Tudu, in ana maganar turka sa, sunan Huraira ake fara kira. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da turke biyu a bayan gida. Shekara uku ke nan tana ɗaure ramammen sa wanda za ka ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa, kafin Babbar Sallah ta mai da shi ƙato, har dillalai su taso daga Abuja suna shafa masa tozo. Sirrin ba ɓoyayye ba ne, don Huraira ba ta iya rowa ba: dusa da harawa, sai gwangwani biyu na garin ƙashi da busasshen jinin shanu, irin wanda ake niƙa wa masu kiwon kaji a bayan kwata. Mata goma sha shida ta koya wa, gida gida. Su suka raɗa masa suna haɗin Huraira, ita kuwa in ta ji sunan har wani rangaji take yi. Bayan 'ya'yanta, ba ta da abin taƙama a duniya kamar sunan nan.

Ranar wata Talata da hantsi ta fito da bokitin dusa, ta tarar da babban santa, wanda take kira Ɗan Lele, yana tangaɗi, ƙafafun baya na rawa. Ƙarar bokitin kawai ya ji ya zabura, ya kai wa katanga karo. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika, kowa ya zama likita. Maƙwabciyarta Mu'mina ta rantse iska ce, a kawo hayaƙi. Wani ya ce leda ya haɗiya, wata ta ce mahaukacin kare ne ya cije shi, wata tsohuwa ta rage murya ta ce jifa ne, ai ido ya daɗe a kan san nan. Sai ga Lawal mahauci, shi da hancinsa ke jiyo dabbar da ba ta da lafiya tun daga kasuwa.

"Yaya Huraira, a yanka shi tun yana numfashi," in ji shi. "Kafin azahar na rabar da naman, ba mai ji ba mai gani."

"Mai da wuƙarka kube, Lawal. Na aika a kira Malama Priskila."

Priskila ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, ita ke yi wa shanun unguwar allura. Ta zo a kan babur, ta duba idon san, ta auna zafin jikinsa, ta cire kaska uku a cinyarsa, ta ɗibi jini, ta yi masa allura. Tana haɗa kayanta idonta ya faɗa kan rabin durom ɗin da yake ci a ciki. Ta damƙo abincin ta shinshina, fuskarta ta canza.

"Mama, mene ne wannan baƙi-baƙin?"

Huraira ta gaya mata, har da ɗan murmushi.

"Mama, ƙashin saniya kike ba sa?"

"To mene ne? Da idona na ga saniya tana gwaguyar ƙashi a juji, ba wanda ya sa ta. Daga nan na samo dabarar."

Priskila ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna. Ta ce waccan saniyar sinadari jikinta ya rasa, gishirin lasa take nema. Ta ce zatonta ciwon kaska ke damun Ɗan Lele, jini zai nuna. Amma akwai wata cuta da ake kira ciwon haukar shanu, wadda ta yi ɓarna a Turai. Tana cin ƙwaƙwalwa, saniya ta riƙa zabura tana tangaɗi har ta kwanta, kuma ba ta da magani. Abin da masana suka fi zargi da yaɗa ta shi ne ciyar da shanu garin nama da ƙashin 'yan'uwansu. Dahuwa ba ta kashe abin, yakan yi shekaru a jiki bai nuna ba, kuma an sami mutanen da suka kamu da irinta ta hanyar cin naman.

"Ni ban taɓa jin an tabbatar da ita a nan ba, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ƙofar da ta shiga musu ke nan, ke kuma kin buɗe ta."

Wallahi da Priskila ta mare ta da ya fi mata sauƙi. Kunya ta kama ta, ga haushi, ga tsoro. Ba sa ɗaya ta tuna ba, gida goma sha shida ta tuna, da duk yaran da suka ci soyen Sallah daga turakun nan. Ta kalli Lawal, wanda har yanzu yake raɓe a zaure, ta ce ya kama gabansa, san nan ko ya mutu rami za a haƙa masa.

Washegari ta ari baro. Ta fara da nata buhun garin ƙashin, ta ɗora, ta tura zuwa gidan Mu'mina.

"Na zo karɓar garin nan. Kuskure na koya muku."

Mu'mina ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ke kika kawo, ke za ki kwashe? Saura wata biyu Sallah, Yaya Huraira, so kike shanunmu su zube?"

"Su zube. Ga gishirin lasa Malama Priskila ta ce a saya, a ƙara harawa."

Ba kowa ya ba ta da daɗin rai ba. Wata ta ce baƙin ciki ne, ta ga sun kamo ta. Wata ta ɓoye rabin buhu a ƙarƙashin gado, Huraira ta zauna a tsakar gidan ta ƙi tashi har aka fito da shi. A kowane gida sai ta maimaita bayanin da bakinta, tun daga saniyar juji har ƙwaƙwalwa, kuma kowane maimaici kamar tana cire wa kanta haƙori ne. Kafin Juma'a magana ta kai kasuwar shanu. Dillalin da ya saba zuwa duba Ɗan Lele ya daina ɗaga wayarta. Matan da ke cewa haɗin Huraira suka koma cewa Huraira mai ciyar da sa ƙashin ɗan'uwansa. Ta ji, ya yi mata ciwo ƙwarai, ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito ta ɗauki baro.

Ranar Asabar, saura gida uku, Priskila ta kira. Ciwon kaska ne. Dama tun jiya Ɗan Lele ya miƙe yana jan harawa. Mu'mina na tsaye a wurin, ta ji komai, ta buga guɗa.

"Kin gani? Ba haɗin ba ne! Ki mayar wa mutane kayansu, ki ce likita ta wanke ki. Kafin gobe sunanki ya dawo."

Huraira ta tsaya riƙe da hannun baro. Gaskiya ne, da zai dawo, kuma Allah ya sani tana son abinta.

"Ɗan Lele aka wanke, Mu'mina, ba garin ba. Don kura ba ta shigo yau ba, sai in bar ƙofa a buɗe?"

Ta tura baro ta gangara lungu, taya na ƙara, zufa na bin bayanta. Gidan farko a cikin ukun na wata amarya ce, Nana Aisha, wadda bara ta zo har gida ta durƙusa aka koya mata, ta tafi tana sa albarka. Huraira ta gyara ɗaurin zane ta yi sallama.

"Wa ke nan?" aka ce daga ciki.

"Huraira ce, mai haɗin nan," ta ce da ƙarfi, yadda duk lungun zai ji. "Na zo karɓar abina."