Zakaran da Ba a Kai wa Baba Kambai Ba

Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai ya ɗaga tamfol ɗin da ke tsakar gida ya leƙa, ya ce, "Maman Doreen, wannan ba injin niƙa ba ne? Me yake yi a nan?" Allah ya sani na gaji da amsa tambayar nan. Amma tunda ke ma kin tambaya, ja kujera ki zauna, ki ji.

Maigidana Rufus ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran kan jirgin ƙasa a Kafanchan. Mutumin Fadan Kaje ne, amma tun yana saurayi ya bar ƙauye, a kwatas ɗin reluwe muka yi aure, a nan muka haifi yara. A shekarar 1989 ya yi ritaya, aka ba shi kuɗin sallama. Abin da muke da shi a duniya ke nan. Ba gona, ba gidan kanmu, ga Doreen tana makarantar koyon jinya, ga tsadar da aka shiga a shekarun nan, wadda mudun gari ma sai ka yi tunani kafin ka taya. In kuɗin nan ya salwanta, tsufanmu ya salwanta. Ni na san haka, shi ma ya sani.

Sai ga Malam Mijinyawa. Abokin Rufus ne tun kafin in san Rufus. A Kafanchan aka haife shi, a nan aka binne ubansa. Da Sallah naman gidansa sai ya iso mana, da Kirsimeti kuwa shi muke kira ya yanka mana kaji don iyalinsa su iya cin shinkafarmu. A rikicin da aka yi shekara biyu kafin nan aka ƙone masa shagon yadi a kasuwa. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba, amma daga ranar ya daina daɗewa in ya zo hira. Abin da ya rage masa shi ne injin niƙa a wani ƙauye kan hanyar Kagoma. Ya ce da Rufus idanunsa sun yi rauni, zai koma wurin ɗansa a Bauchi, kuma ya fi son injin ya faɗa hannun wanda ya san darajar ƙarfe.

Kar ki ce Rufus bai yi bincike ba. Ya yi, har ya ba ni haushi. Ya kwance injin nan kaf, ya shimfiɗa kayan cikinsa a kan buhu, ya duba kowane ƙusa da noti. Ya shinshina baƙin mai. Ya kara kunne a jikinsa yana aiki. Ya zauna a gindin mangwaro ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, yana kallon matan da ke kawo masara da dawa da acca, don ya tabbata akwai ciniki. Ya tambayi mai kawo man gas ko ana biyansa a kan kari. Kullum ya dawo gida hannu baƙi ƙirin, yana murmushi.

Na ce, "Baban Doreen, ka duba inji, ka duba ɗaki. Ƙasar da ɗakin yake kai fa, ta wace ce?"

Ya ajiye sabulun da ke hannunsa. "Me kike nufi?"

"Ina nufin ka tambaye shi. Saya ubansa ya yi, ko ba shi aka yi? Wa ya sani a ƙauyen?"

"Mildred," ya ce, kuma ba ya kiran sunana sai ransa ya ɓaci, "kina so in dubi idon Mijinyawa in ce masa ƙasar nan ta wace ce? Yanzu? Bayan abin da aka yi a garin nan? Maganar da yara suka riƙa yi masa ihu da ita ke nan ranar da shagonsa ke ci da wuta. Ni ba zan maimaita ta da bakina ba."

"To ka tambayi mutanen ƙauyen a gefe."

"Ya ji labari ina bin bayansa ina bincikensa? Ya fi muni."

Na yi magana ranar, na yi washegari, na yi har a hanyar coci. Ƙarshe ya ce in na sake tayar da zancen zai tafi ya kwana a ɗakin injin. Na kama bakina. Aka yi ciniki a gaban Fasto da wani ƙanen Mijinyawa, aka yi addu'a iri biyu, kowa ya ce amin. Mijinyawa ya rungume Rufus, ya hau mota ya tafi Bauchi.

Muka bar kwatas, muka kama hayar gidan nan da kike zaune, saboda yana kusa da injin. Ɗakin injin na laka ne, jinkarsa tana yoyo. Rufus ya ce injin kirki ba ya zama a wuri irin wannan. Ya kwashe ragowar kuɗin ya rushe ɗakin, ya tayar da na bulo, ya rufa kwano sabo, ya zuba siminti mai kauri ya dasa injin a ciki. Gaskiya ya yi kyau. Shekarar farko mun ci abinci da nama, mun biya wa Doreen makaranta ba tare da mun roƙi kowa ba. Har na fara jin kunyar mitar da na yi masa.

Da kaka ta yi, wani tsoho ya fara zuwa yana zama a gindin mangwaron nan. Baba Kambai sunansa, shi ne babba a gidan da ke bayan rafi. Ba ya kawo niƙa. Zai zauna da sandarsa, ya gaisa da Rufus, ya tambayi lafiyar iyali, ya kalli kwanon ɗakin, ya tashi. Rufus yakan sayo masa goro, yana cewa tsohon yana son jin ƙarar inji ne. Ni dai zaman nan bai kwanta mini ba, amma ban san yaren ƙauyen ba, matan da ke zuwa niƙa kuma in na tambaye su sai su ce, "Ai Baba ne," su ɗauki garinsu. Kaka ta wuce, tsohon ya daina zuwa.

Kaka ta biyu ya dawo, wannan karon da ɗansa Silvanus, wanda aka sallama daga masaƙa a Kaduna ya komo gida da mata da yara. Na kawo wa Rufus abincin rana na tarar da su. Baba Kambai ya sa aka kashe injin, don ya ce muryarsa ba ta da ƙarfi.

Ya yi magana da Hausarsa a hankali. "Ɗana, wurin nan ubana ya ara wa uban Mijinyawa, ya kafa rumfa yana sayen citta. Aro ne. Kowace kaka, in an gama girbi, yakan kawo zakara ɗaya da damin dawa gidanmu. Ba don muna jin yunwa ba. Don yara su gani da idonsu, su san ƙasar ta wace ce. Da uban Mijinyawa ya mutu, ɗan ya ci gaba, bai taɓa fashi ba. Bara na zo na zauna a nan ina jiranka. Ba ka zo ba."

Rufus ya ce, "Baba, ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Mutumin da ba ya rantsuwa. "Gobe zan kawo zakara biyu, na bara da na bana. Har akuya in kana so."

Tsohon ya girgiza kai. "Da kun zo tare da Mijinyawa kafin ya tafi, ya ce ga wanda zai gaje ni, da na ara maka. Da ka zo bara ma, da na ara maka. Amma ka rushe, ka yi gini da bulo, ba ka gaya wa kowa ba, kaka ta wuce ba zakara. 'Yan'uwana suka ce baƙo ya maida aro nasa. Muka zauna, aka ba Silvanus wurin. Maganar ta fita daga hannuna."

Silvanus bai ɗaga kai ba. Shi ma ba mugu ba ne, yunwa ce ta koro shi.

Muka je wurin dagaci, ya ce abin da tsoho ya faɗa haka yake, kowa a ƙauyen ya sani. Kowa! Matan da na zauna da su a zumuntar mata ta coci, masu ce mini "Ai Baba ne," duk sun sani, sun ɗauka mu ma mun sani muna taurin kai ne. Wani lauya a Kafanchan ya ce za a iya shiga kotu, amma da ya faɗi yadda shari'ar ƙasa ke daɗewa, Rufus ya ɗauki hularsa. Aka ce mu cire injinmu da kwanonmu. Bulo da siminti kuwa ba a ɗaukarsu a ka. Da guduma Rufus ya fasa daɓen da ya zuba da hannunsa, aka ɗora injin a amalanke aka kawo nan. Mun nemi wani wuri, amma kuɗin gini ya riga ya shige ƙasar mutane. Mai gidan nan kuma ya ce ba za a tayar masa da inji a tsakar gida ba.

Mijinyawa ya zo bikin wata jikarsa bayan shekara guda, ya biyo ya gaishe mu. Yana shigowa ya ga tamfol. Da Rufus ya ba shi labari, sai ya zauna a kan turmi, ya cire hula, ya riƙe kai.

"Innalillahi. Rufus, me ya hana ka tambaye ni?"

"Kai me ya hana ka gaya mini?"

"Ni in koya maka al'adar ƙasarku? Kai ne ɗan ƙasa. Na ɗauka ka riga ka je ka gaida tsohon. Na ji nauyin in ce maka wurin aro ne, kar ka ga kamar ina tuna maka abin da ake ce mana, cewa mu baƙi ne."

Ni ina bakin murhu, raina ya ɓaci. Manyan mutane biyu masu furfura, kowa yana lallaɓa zuciyar ɗan'uwansa, ni da 'ya'yana muka biya. Na so in faɗa musu haka, amma na dube su na ga ba sauran wurin da magana za ta shiga. Na zuba musu kunu kawai. Mijinyawa ya ce zai mayar da wani abu in Allah ya hore, mu duka mun san ba shi da shi.

Yanzu fansho muke jira, ni kuma ina soya ƙosai a bakin hanya da wannan bayan nawa mai ciwo. Silvanus ya samo rance ya sa wani tsohon inji a ɗakin da Rufus ya gina. Nan nake kai wakena markaɗe, don babu wani kusa, in biya kamar kowa. Rufus kuwa kowace Asabar sai ya yaye tamfol, ya goge injinsa, ya ɗiga masa mai, ya mayar ya rufe.

Jiya na ɗauki bokitin wake zan fita, yana zaune a ƙofar ɗaki ya karkata kai yana sauraron ƙarar da ke zuwa daga can.

"Maman Doreen, niƙa za ki?"

"Ina kuma zan je?"

"Ki ce wa Silvanus bel ɗin injinsa ya saki, tun safe nake ji. In bai ɗaure ba zai tsinke ya ji wa wani rauni." Ya sake kasa kunne. "In bai iya ba, ya aiko in zo in ɗaure masa."

Na ɗora bokitina a ka na fita. Da na isa na faɗa wa Silvanus.