Kwana Nawa Za Ka Yi a Gindin Murjani?

Jiya da dare, bayan mun gama musu da matata Zulai, na yi wani mafarki. Musun a kan hutuna ne. Shekara tara ina aiki a ɗakin gwajin jini ban taɓa samun cikakken hutu ba, sai bana aka ba ni kwana bakwai, muka shirya zuwa wani tsibiri inda ake nutsewa a kalli murjani yana tsiro a ƙarƙashin teku. Zulai ta ce kwana uku ya isa, tunda kifi kifi ne ko a ina. Ni na ce bakwan duka. A haka barci ya raba mu.

Sai ga mu a bakin teku da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga teku yake tashi yana hawa sama, saboda haka kowa ya taka lemarsa yana tafiya a kai. Ina saɓe da buhu, kwanakina bakwai a ciki kamar doya. Asabar ta ɗan ruɓe ta gefe, sauran lafiyarsu lau.

Zulai ta ajiye jakarta a kan yashi, ta duba agogo, ta ce nata kwana ukun sun cika. Ta yaba wurin, ta ce in sayo mata kuka idan na gani, ta hau wata itaciyar kwakwa da ke lodin fasinja, suka tafi.

Akwai wata rumfa da kowane baƙo sai ya bi ta cikinta. Wata jar akuya ce ke zaune a bayan tebur, da tabarau da hatimi. Na gaishe ta da ranki ya daɗe, ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta tambaye ni kwana nawa na zo yi. Na ce abin da ya hana ni sukuni ke nan, ko za ta ba ni shawara.

Ta cire tabarau ta yi mini bayani a tsanake. Ta ce mai kwana uku ba ya ganin komai: ranar farko gajiya, ta biyu neman takalminsa, ta uku haɗa kaya. Mai kwana biyar kuwa kifaye sun gane shi, sai su fara aikensa. Wani mutum daga Gusau ya taɓa yin kwana goma, yanzu shi ne mai unguwar ƙaguwa, iyalinsa sun gaji da aiko masa da saƙo.

Tana magana tana tauna. Sai da na duba buhu na ga Laraba ce take ci.

"Ranki ya daɗe, wannan tawa ce."

"Ka taɓa yin wani abin kirki ranar Laraba?"

Na yi tunani na gaskiya, ban tuna ko ɗaya ba. Ta buga mini hatimi a goshi, ta nuna mini matakala.

Matakalar ta gangara cikin teku. A ƙofa aka ce in cire takalmi in yi sallama, na yi, ruwan ya amsa. Ban sha wahalar numfashi ba, sai dai duk abin da na faɗa yana fita a kumfa, ya yi sama, ya fashe a kunnen wani. Murjani ya tsiro ko'ina kamar daji bayan damina, ja da fari da ruwan goro, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwar sa a kan tiren mahauci. Kifaye suna wucewa cikin anko, kowane ayari da irin atamfarsa. Wani ƙaton kifi mai leɓe ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ce wa na kusa da shi da ganin wannan ma'aikacin gwamnati ne.

A gindin wata babbar bishiyar murjani na tarar da Inna, mahaifiyata, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, tana tsinke murjani a faranti kamar zogale. Ni ne ɗanta na fari, har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma mutuwa ba ta canja mata hali ba. Ta dube ni ta ce na yi tumbi.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Zulai da yara, ta tambaya ko an gyara rufin ɗakinta, na ce an gyara, ta ce ƙarya nake. Sannan ta ce, "Kai, kwana nawa za ka yi?"

Lokacin da take raye, ranar Salla kawai nake zuwa. In iso bayan an sauko daga idi, in juya kafin la'asar, wani lokacin ko motar ba na kashewa. Yanzu ga ta a gabana, ga buhu a hannuna. Na tura mata shi, na ce duka shidan nata ne.

Ta kwance bakin buhun, ta riƙa ɗauko kwanakin tana latsawa kamar mai zaɓen tumatir. Ta ce shida sun yi yawa, wa zai ciyar da ni, nan ko wuta ba a hurawa. Murjanin ma da na taso takanas don shi, shekara shida tana kallonsa bai taɓa yin komai ba. Ta ware Litinin, ta ce wannan za ta karɓa tunda babu mai sonta.

"Sauran ka kai wa ubanka Malumfashi. Yana can zaure shi kaɗai yana musu da rediyo. Ka kashe motar idan ka je."

Na fara kuka. Ta ce in bari, kuka a cikin ruwa asara ne. Na roƙe ta gafara, ta ce ta daɗe da yafe mini komai, in ban da zanen da na kawo mata a Sallar ƙarshe, wanda ya zuba tun wankin farko.

Ta fasa Litinin ɗin a gefen faranti, ta miƙa mini rabi. Muka zauna muna ci, kifaye suna ratsawa ta tsakaninmu. Ba ta da ɗanɗano sosai, amma ban so ta ƙare ba, sai nake gutsura kaɗan-kaɗan. Inna ta lura. Ta waiga dama da hagu, ta ce tunda nan babu surukai, babu maƙwabta, bari ta gwada sunan nan sau ɗaya ta ji yadda yake a baki.

Ta gyara ɗankwali, ta buɗe baki. Kumfa ɗaya ta fito, ƙarama, ta yi sama a hankali. Na miƙe na bi ta, na kai kunnena kusa, tana gab da fashewa.

Sai ƙarar ƙarfe ta cika tekun. Na buɗe ido, gari ya waye, mai ruwa ne yake dukan ƙyauren gidanmu da dutse, yana tambaya ko a shigo da kura.