Sunayen da Akawu Ya Kai wa Manaja

Masaƙar ta yi shekara ashirin a rufe kafin mutanen unguwa su ce za su yi taron tunawa da ita. Aka kafa kwamiti, aka share tsohon ɗakin cin abincin ma'aikata, aka bi gida-gida ana neman hotuna da katunan aiki da duk abin da gara ta raga. Ɗaukar muryoyin tsofaffi kuwa ya faɗa hannun Malama, mai kula da ɗakin karatu na unguwar.

Da gwaggonta ta fara. Gwaggo ce ta riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, kuma mijin Gwaggo, marigayi Akawu, ya yi shekara talatin yana riƙe da rajistar ma'aikata a ofishin masaƙar.

Sau uku Malama ta je da wayarta. Gwaggo ta ba da labarin jiniyar safe, da layin mata a bakin ƙofa riƙe da kwanukan abinci, da yadda auduga ke maƙale wa samari a ka har 'yanmata su gaishe su da baba. A zuwa na uku hira ta kai su shekarar yajin aiki, lokacin da aka kori mutum goma sha ɗaya rana guda.

"Kashe abin nan," in ji Gwaggo.

Malama ta taɓa wayar, ta kifa ta a kan tabarma. "Na kashe, Gwaggo."

Sai Gwaggo ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Akawu ne ya kai wa manaja sunayen waɗanda suka shirya yajin. An ce masa ko ya rubuto su ko shi ya kama gabansa, ita kuma a lokacin tana da cikin wata takwas. Sunan farko a takardar na Makaniki ne, maƙwabcinsu. Makaniki bai ƙara samun tsayayyen aiki ba har ya rasu, matarsa ce ta ciyar da yara shida da keken ɗinki. Matar nan, Mai Ɗinki, ita ce aminiyar Gwaggo.

"Sai da ciwon Akawu ya yi tsanani ya gaya mini," in ji Gwaggo. "Shekara tara ina ɗauke da shi ni kaɗai. Na sauke miki ne don ke 'yata ce."

Ranar taro Gwaggo da Mai Ɗinki tare suka tafi, suna tafe suna hutawa saboda gwiwar Mai Ɗinki. Suka zauna a benci na biyu. Shugaban kwamiti, tsohon hedimasta, ya yi jawabi har Mai Ɗinki ta raɗa mata cewa da injin masaƙa yana da numfashin mutumin nan da ba a rufe ta ba. Daga nan aka kunna muryoyi a lasifika. Aka zo kan ta Gwaggo, jama'a suka yi dariyar samari masu furfurar auduga. Gwaggo ta rufe baki da gefen mayafi, tana jin kunya da daɗi.

Muryar ba ta tsaya ba. Ta yi ƙasa, ta ce, "Akawu ne ya kai sunayen."

Aka ji komai har sunan Makaniki. Gwaggo ta nemi Malama da ido, ta hango ta tsaye kusa da lasifika, kanta a sunkuye.

Mai Ɗinki ba ta ɗaga murya ba. Ta lalubi takalminta da ƙafa, ta dafa benci ta miƙe.

"Shekara tara kina shigowa ɗakina," ta ce. "Har kina taya ni yi wa mai gadin masaƙa Allah ya isa a kan sunayen nan."

Ta fita ita kaɗai, ta ƙi kowa ya riƙe ta.

Da la'asar Malama ta zo gida. Ta tarar da Gwaggo zaune a bakin gado, ko mayafin taron ba ta cire ba.

"Gwaggo, ki fahimce ni. Shekara arba'in ana cewa mai gadi ne ya kai sunayen. Ya mutu ba mai gaishe shi. Jikokinsa suna unguwar nan."

"Kin ce kin kashe."

"Da na tambaye ki ba za ki yarda ba."

"Wataƙila ba zan yarda ba. Wataƙila kuma in ɗauki ƙafata in je ɗakinta in durƙusa in gaya mata da bakina. Yanzu ko wannan ba ni da shi."

Malama ta buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. "Je ki, ana jiranki. Na ji an ce baƙi sun yaba da aikinki."

An yaba ɗin kuwa. Kwamiti ya ce za a buga hirarrakin a littafi. Babban ɗan mai gadi ya zo har gida ya yi wa Gwaggo godiya yana hawaye, ta kawar da kai, don ta san ba da son ranta ta wanke ubansa ba.

Sau huɗu Gwaggo ta je ƙofar Mai Ɗinki. Kullum surukarta ce ke leƙowa ta ce Mama ta kwanta. Bayan wata biyu wata mota ta tsaya a layin da hantsi, aka fito da katifa da akwatuna da keken ɗinki. Wani ɗan Mai Ɗinki ne ya zo ɗaukarta ta koma wurinsa. Gwaggo ta tsaya a ƙofar gidanta har motar ta sha kwana, ba a yi mata sallama ba.

Malama tana zuwa duk ƙarshen mako da cefane. Gwaggo takan amsa gaisuwarta, ta tambaye ta yara da aiki, ta sa mata albarka. In ta zauna kamar za a yi hira, sai Gwaggo ta ce bayanta yana ciwo, za ta ɗan kishingiɗa.