Saura Wata Huɗu na Magani

Idan mutum ya yi wa Allah alkawari ba zai sake wani zunubi ba, sai ya zamana zunubin nan ne kaɗai zai tsare ran ɗan'uwansa, me ake so ya yi? Waɗanda suka san maganar har yau ba su daidaita a kanta ba.

Mutumin mai yankan gilashi ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da doguwar rula ta ƙarfe. Kowa Lissafi yake ce masa, har yaran da ba su san sunan na ba'a ba ne. Shekara talatin baya, yana saurayi, ya shafe wata shida a kan littattafan annabawa da fensir a hannu, ya fito da ranar da Almasihu zai dawo. Ya faɗa a coci, mutum wajen arba'in suka gaskata. Wani ya ajiye aikinsa, wata ta cire 'ya'yanta daga makaranta. Ranar ta zo, rana ta fito ta faɗi kamar kullum. Lahadin da ta biyo baya ya tsaya gaban ikkilisiya ya nemi gafara, ya ce in Allah ya bar shi da rai bakinsa ba zai ƙara sa wa wannan rana kwanan wata ba. Aka yafe masa, amma sunan ya zauna.

Ran wata Talata da hantsi ɗiyar ƙanwarsa ta shigo shagon, ko gaisuwar kirki ba ta ƙarasa ba ta ajiye wani kati a kan bargon.

"Kawu, duba."

Katin asibiti ne na masu tarin fuka, na maganin wata shida, mai gida-gida, kowace rana da gidanta. An yi alama a jere har wata biyu, daga nan sai fili.

"Kwana goma sha tara Mama ba ta sha maganin ba," in ji ta. "Nas ta ce in aka ci gaba haka ciwon zai dawo da taurin kai, wannan maganin ba zai ƙara jin sa ba. Jiya na ga jini a tsummanta."

"Me ya hana ta?"

"Mai wa'azin rediyon nan. Ya ce saura mako bakwai Ubangiji ya dawo. Ta ce ƙwayoyin suna sa ta amai, gaɓoɓinta kamar an daka, to don me za ta ƙarasa kwanakinta a kan bokiti?"

Lissafi ya ɗaga katin ya mayar. "A bari mako bakwai ɗin su wuce mana. Za ta gani da idonta."

"Na faɗa wa nas haka. Ta ce in je in tambayi huhun Mama ko zai jira." Ta gyara mayafinta. "Kawu, kai kaɗai take jin maganarka a wannan harka. Har gobe cewa take ba ƙarya ka yi ba, kuskuren ƙidaya ne. Ka je ka ce mata mutumin ya yi kuskure. Ka ba ta wata rana, can gaba. In ta ga da sauran tafiya, za ta sha."

"Kin san abin da kike roƙo na?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba, ba a haife ki ba lokacin. Ba zan yi ba."

Ta ɗauki katinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "To, Allah ya ba da ladan alkawari," ta fita.

Da rana fasto ya zo karɓar gilasan tagar coci guda shida da ya ba da awonsu. Tsoho ne mai son barkwanci, shi ne ma ya karɓi tuban Lissafi a wancan lokaci. Lissafi yana naɗe gilasan a jarida yana ba shi labarin.

"Ai na je wurinta sau biyu," in ji fasto. "Na tuna mata Ubangiji da bakinsa ya ce ba wanda ya san ranar, ko mala'iku. Na ce aikinmu mu zauna a shirye, kuma mai shiri yana shan maganinsa. Ta saurare ni da ladabi, ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce Baba Fasto, ai an gaya wa Nuhu saura kwana bakwai. Ka ga ta fi ni karatu."

"To in na yi abin da yarinyar ta ce fa?"

Fasto ya daina murmushi. "Ƙarya ce, kuma da sunan Allah. Ba zan ce maka ka yi ba. Ka kuma san ƙanwarka ba ta riƙe magana, kafin Lahadi duk zumuntar mata sun ji Lissafi ya koma lissafi. Wata za ta ɗauka da gaske."

"In ban yi ba kuma?"

"Wannan ban sani ba." Ya rungumi gilasan a ƙirji. "Ka je ka gaya mata gaskiya tukuna. Kai ka taɓa ƙonewa, wataƙila ta ji daga bakinka."

Ya rufe shago kafin la'asar ya tafi. Ɗakin ƙanwar tasa yana ƙarshen wani dogon baranda, an buɗe taga saboda umarnin asibiti. Ya same ta jingine da filo biyu, wuyan rigarta ya yi mata yawa. A kan kujera akwai rediyo, da kofi, da ƙwayoyin a cikin ledarsu ba a taɓa ba. Ɗiyarta tana zaune a bakin ƙofa tana ninke wanki, ba ta ɗago ba.

"Yaya, kai ne a gidanmu? Lalle ƙarshen ya zo."

"Auta, kin rame."

"Na rage wa mala'iku kaya."

Ya zauna a gefen gadon. Ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba: yadda ya ji da yammacin waccan rana, yadda mutumin da ya bar aiki ya daina amsa gaisuwarsa har ya mutu. Ya ce ya san yadda ake wannan ƙidaya ciki da bai, kowace rana mutum yake so zai iya fitar da ita, shi ya sa aka hana. Ya ce ko gobe ne ko bayan shekara dubu, ba a ba mu sani ba.

Ta saurara har ya gama. Tari ya taso mata, ta juya ga bango, ta daɗe, sannan ta dunƙule tsumman ta tura ƙarƙashin filo.

"Yaya, tsoro ne ya kama ka tun lokacin. Don mutum ya ɓata hanya sau ɗaya ba za a ce babu garin ba." Ta numfasa. "Ni ba mutuwa nake nema ba. So nake in ga Ubangiji da idon nan, ina tsaye da ƙafata. Mako bakwai zan kai, da magani ko babu. Me zai sa in tarye shi ina amai?"

"In ba mako bakwai ba ne fa?"

"To nawa ne?"

"Ba wanda ya sani."

"Ka ji ka. Mai wa'azin ya ba ni rana, kai ka ba ni ba wanda ya sani. Wa zan bi?"

A waje wani yana buga ƙusa a katako. Lissafi ya dubi hannunta a kan zane, zoben aurenta ya koma ɗan yatsan tsakiya don kada ya faɗi. Ya tuna shi ya goya ta zuwa makaranta ranar farko. Ya kuma tuna matar da ta cire 'ya'yanta, da yadda babbar cikinsu ba ta koma aji ba har abada. Ya san idan ya ba ta wata rana, mako bakwai kuma suka cika ba abin da ya faru, Auta za ta ce Yaya ne mai gaskiya, kuma ba ita kaɗai za ta faɗa ba. Duk wannan ya gan shi sarai, ba wanda zai ce ya yi cikin rashin sani.

"Mutumin naku," ya ce a hankali, "da wace shekara ya ƙirga? Mai kwana ɗari uku da sittin, ko mai sittin da biyar?"

Auta ta ɗago daga filo. "Akwai bambanci ne?"

"Akwai."

"Kai ai ka ce ka daina."

"Na ce."

Ɗiyar ta bar ninke wankin. Ya miƙa mata hannu ba tare da ya dube ta ba. "Samo mini takarda da biro. Ki miƙo Littafi Mai Tsarkin nan na kan taga."

Ta kawo. Ya ɗora takardar a gwiwarsa, ya buɗe inda yatsunsa suka sani, ya fara jera lambobi. Ya danne takardar da ɗayan hannun. Auta ta matso tana leƙe, numfashinta yana ƙara a kusa da kunnensa. Ya haɗa, ya ɗebe, ya ja layi, ya rubuta kwanan wata a ƙasa, shekara biyu da wata uku nan gaba.

Ta karɓi takardar ta kai kusa da ido, leɓɓanta suna motsi.

"Shekara biyu," ta ce. "Yaya, ai ba zan kai ba a haka."

"Ba za ki kai ba."

Ta daɗe tana kallon lambobin. Sannan ta ce wa ɗiyarta, "Ke, zubar da ruwan kofin nan, ya kwana. Ɗebo sabo."

Lissafi ya rufe Littafin, ya ɗauki ledar, ya shiga ɓallo mata ƙwayoyin a tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya.