Kwaɗon da Ya Ci Sunana

Sunana Salomi. Tun ina yarinya a Barikin Ladi babu wanda ya taɓa yi wa sunan nan dariya, sai da na zo Greensboro ta Amurka da furfurata.

Ɗana Sylvanus ne ya kawo ni. Ya ce matarsa Prisca ta kusa haihuwa, in zo in taya su jego in koma. Gidansu yana McLeansville, bayan gari. Babu bas, babu kasuwa, babu maƙwabciyar da za ki leƙa ki ce mata ina kwana. In ba a saka ki a mota ba, ko gishiri ba ki isa ki saya ba. Prisca tana aikin asibiti. Shi kuwa malamin jami'a ne, amma rabin shekara ba ya gida, yana can wani tsibiri a tsakiyar teku yana bin kwaɗi cikin taɓo. Dankali na noma na tura shi makaranta, ashe don ya kama abin da yaran unguwarmu ke kamawa da hannu ne.

Aka haifi mace, jikata mace ta fari. A wajenmu kowa ya san sunan wa ake sa mata: na kakarta. Har zani na ɗinka. Ranar da aka kai ta coci, fasto ya ɗaga ta ya ce, "Treasure." Na waiga ko akwai wata jaririyar. Babu.

Da Sylvanus ya dawo daga tsibirinsa, bayan sujada muna cin abinci a ɗakin taro, sai ya miƙe ya buga cokali a kofi. Ya ce ya gano wani kwaɗo da babu shi a littafin masana, ya auna shi, ya rubuta kamanninsa, kuma wanda ya gano abu shi ke raɗa masa suna. Ya ce ya sa masa sunan mahaifiyarsa. Aka yi tafi. Ya miƙa waya ana zagayawa da hoton. Ɗan abu kamar babban yatsa, ƙasa-ƙasa, idanu a waje, baki har kunne.

Nanven, shugabar zumuntar mata, ta kalli hoton ta kalle ni. "Kai, Mama, har idon ya ɗauko!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Tun daga ranar ban sake shiga coci lafiya ba. In an yi ruwa sai a tare ni a bakin ƙofa: "Mama, ya takwara? Ya samu damina?"

Na ce sai an bi mini hakkina. Na kai ƙara wajen Baba Choji, dattijon ikilisiya, a gidansa na unguwar Glenwood. Ku ji abin takaici: wanda zan kai ƙara shi ya tuƙa ni, har yana tambaya ko sanyin motar ya yi mini yawa.

Na faɗa wa Baba Choji komai. Na ce, "Yarinya ta samu sunan Turawa, kwaɗo ya samu nawa. A cire."

Sylvanus ya durƙusa. "Mama, girmamawa ce. Mutum yana mutuwa a manta da shi. Wannan sunan kuwa, duk wanda ya yi karatun kwaɗi a duniya sai ya faɗe shi."

"Masu karatun kwaɗi ne za su binne ni? Ka cire."

"Ba ya ciruwa, Mama. An riga an buga. Dokar masana ce, ko ni da na sa ban isa in canza ba."

Baba Choji ya shafa kai. "To, ɗana, a ƙara wa yarinyar sunan mana. A kashe magana."

Prisca, wadda ta biyo mu, ta gyara zama. "Baba, takardun haihuwa sun fita tuni. Kuma yanzu ai sunan ya zama na kwaɗo. So kake yaran coci su riƙa bin ta suna mata kuka?"

Wato sun ɓata sunan, sannan sun ce ya ɓaci ba ya sawuwa. Baba Choji ya ce in yi haƙuri. Na ce masa haƙuri abincin wanda ba shi da mota ne.

Da muka fito na ce tunda an ba ni takwara dole, a kai ni in gan shi. Sylvanus ya kai ni jami'arsu, wani ɗaki a ƙasa, babu taga, sai wari kamar na asibiti. Ya ɗauko kwalba. Kwaɗon yana ciki a mace, cikin ruwan magani, ƙafafu a miƙe, an ɗaura masa 'yar takarda a cinya.

"Yaushe za a mayar da shi garinsu?"

"Ba za a mayar ba. Shi ne shaida. Duk mai gardama nan zai zo ya duba."

"Mutanen tsibirin ba su da sunan da suke kiransa?"

"Suna da shi."

"To ka ƙwace masa nasa, ka ƙwace mini nawa. Aikinka ya yi kyau."

A mota, muna cikin cunkoson titin Wendover, na tambaye shi yaushe zan koma gida. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Mama, bari yarinyar ta ɗan shiga makaranta."

Yarinyar da ko haƙori ba ta yi ba.

Sylvanus ya sake komawa tsibirinsa, wai akwai wata ciyawa ma da ba ta da suna. Allah ya jiƙan wanda za a liƙa wa. Prisca tana fita da safe, sai yamma. Ni da yarinyar muke wuni, daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa taga. Ba ni da inda zan je, ita ma haka. Sai na fara. In zan yi mata wanka, Salomi. In zan ba ta madara, Salomi. In ta yi kuka in goya ta, in yi ta zagaya falo ina rera mata sunan. Dokar masana ba ta shigowa falon nan.

Jiya Prisca ta dawo aiki, ta ajiye jaka, ta buɗe hannu. "Treasure! Treasure, zo wajen Momi!"

Yarinyar tana zaune a ƙasa tana cizon murfin roba. Ko motsi.

Ina bakin kicin da ludayi a hannuna. Na ce, "Salomi."

Ta saki murfin, ta juyo, ta rarrafo ta wuce uwarta.

Prisca ta tsaya da hannu a buɗe. Ta ce za ta kira mijinta. Na ce ta kira shi, ta gaya masa wannan ma an riga an buga.