Likita Tafi-Birni

A satinsa na farko a asibitin ƙauyen, ƙaramin likita ya tura mutum goma sha ɗaya birni. Mai ciwon kai, a je a ɗauki hoto. Mai ciwon baya, shi ma hoto. Kafin wata ya ƙare gari ya raɗa masa suna Tafi-Birni.

Wata shida aka turo shi ya yi a ƙarƙashin babban likita, wani tsoho mai furfura har a gira, wanda ya shekara ashirin da biyu a wurin. Kullum da la'asar sukan zauna su bi katunan waɗanda ƙaramin ya duba, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe tsohon ne zai sa hannu a takarda cewa wannan ya isa ya riƙe asibiti. In bai sa ba, sai a maimaita wata shidan.

Tsohon ba mai faɗa ba ne. Doka kawai ya kafa: duk wanda ka tura, kai za ka raka shi.

Sau biyu ya yi rakiyar. Awa uku a bayan akori-kura, tsakanin buhuna da awaki. Ta biyun wata tsohuwa ce mai jiri. A birni aka leƙa kunnenta aka ce dauɗa ce ta toshe shi. Tun daga ƙofar asibitin har gida tana yi masa tsiya, fasinjoji na taya ta.

"Muna da ruwan ɗumi a nan, muna da sirinji," in ji tsohon da ya dawo. "Ka ƙara ɗaga min mutum a banza, zan rubuta cewa da sauranka."

Ya daina. Ya koyi wanke kunne da fasa maruru, ya koyi yin shiru har mutum ya gama bayani. Sunan dai bai sake shi ba, kuma mutane sun fi son layin tsohon. Don haka yana da lokacin kallon taga. Tagarsa tana fuskantar hawan da ake bi a iso asibitin.

Ta nan ya fara lura da Tela. Tela aminin babban likita ne, duk ranar kasuwa sai ya hawo karɓar maganin kumburin ciki. Sati biyu da suka wuce ya tsaya sau ɗaya a hawan. Satin da ya wuce, sau biyu. Yau, saura kwana huɗu a sa hannu a takarda, sau uku ya tsaya, yana dafe da ƙirji kamar mai laluben aljihu.

Ƙaramin likita ya daɗe yana juya biro. Sannan ya leƙa wajen babbar nas, wadda kowa ke kira Inna.

"Inna, ki turo min Tela yau."

"Tela? Ɗana, ba magani ke kawo shi ba, hira ce. Kai kuwa ko dariya ba ka iya ba."

"Ki dai turo shi."

Ta kalle shi ta saman tabarau, ta tafi.

Tela ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya zauna a bakin kujera.

"Likita, tun kafin ka fara, ka ga ko takalmin zuwa birni ban sako ba."

"Baba, me ya tsayar da kai sau uku a hanya?"

"Au, leƙen mutane ma aikinku ne? Iska ce a cikina. Shekara goma muna tare da ita, ta fi wasu 'yan'uwa zumunci."

"In ka ci abinci take tashi, ko in ka yi tafiya?"

"Da dai in na ci ne. Yanzu kuwa in na hau tudu, ko na daɗe ina taka keken ɗinki. Sai in ji kamar an ɗora min kan keken a ƙirji."

"In ka huta fa?"

"Sai ta sauka."

"Tana zuwa wani wuri?"

Tela ya shafa hannunsa na hagu, ya taɓa haɓa. Ƙaramin likita ya auna jininsa, ya saurari ƙirjinsa, ya ba shi asfirin ya ce ya tauna. Ya jawo takardar tura mara lafiya ya cika. Ya ɗauka ya kai wa tsohon.

Tsohon ya karanta, ya ajiye.

"Tela? Ni na san cikin Tela fiye da yadda matarsa ta san shi. Ka tuna abin da na gaya maka?"

"Na tuna, ranka ya daɗe."

"Saura kwana huɗu fa."

"Na sani. Ba cikinsa ba ne, zuciyarsa ce, kuma kowane sati ƙaruwa abin yake yi. A nan ba mu da na'urar gwada ta. Yau ya kamata ya tafi."

Tsohon ya ƙura masa ido. Ya ɗaga murya: "Inna, kawo min wancan maƙetacin!"

Tela ya shigo yana tauna asfirin, fuska a yamutse.

"Kai, da gaske in ka hau tudu ƙirjinka ke danne ka?" in ji tsohon.

"Wata biyu ke nan."

"Wata biyu! Me ya hana ka gaya min?"

"Ka taɓa tambaya? Ina shigowa sai ka hau zagin ɗinkina, wai na yi maka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"To ƙarya na yi?"

"Ƙafarka ce ba daidai ba."

Inna ta fashe da dariya. Tsohon bai yi ba. Ya kama wuyan hannun abokinsa, yana jin bugun jijiyar, ya fi minti guda. Sai ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko makullin motarsa, wadda ba ya yarda ta hau hanyar birni sai dole.

Ƙaramin likita ya fara cire farar rigarsa.

"Ina za ka?"

"Rakiya, ranka ya daɗe."

"Mayar da rigarka. Ni zan kai shi, in ba haka ba a hanya zai lallaɓe ka ku juyo." Ya zaro makullan asibitin daga aljihu ya jefa masa. "Mutum goma sha bakwai ke jirana a waje. Naka ne. In ka rikice ga Inna, ga waya."

"Takardar tawa fa?"

"In na dawo na tarar da sauran mutane a garin, sai mu yi maganarta."

Tela ya tsaya a bakin ƙofa. "Yaro, in suka ce iska ce, wallahi sai na ɗinka maka riga mai hannu ɗaya."

Motar ta gangara. Inna ta fita baranda ta tafa hannu.

"To jama'a, yau ƙofa ɗaya ce. Wa ke gaba?"

Ba wanda ya motsa. Can wani manomi mai kumburarren yatsa ya miƙe, ya juya wajen matarsa.

"In kin ga ban fito ba, ki ba akuyar ruwa."