Koren Layi a Matakalar Baya

Ni na sa aka manna koren layin nan a masana'antarmu, kuma ko yau aka tambaye ni zan ce abu ne mai kyau. Tef ne mai faɗin yatsu uku. Da rana ka gan shi fari-fari kamar ba komai, amma idan ya sha haske ya ƙoshi, aka ɗauke wuta, sai ya riƙa ƙyalli kore shar, ya nuna wa mutum bakin kowane taki da hanyar ƙofa. Wata huɗu na yi ina kai wa Manaja takarda kafin ya yarda, har ya ce bai taɓa ganin yarinya mai naci irina ba. Na ɗauki wannan a matsayin yabo.

Kayan makaranta muke ɗinkawa, a bene mai hawa uku. Mata saba'in da wani abu ne a hawa na uku, kowace da kekenta. Matakala biyu gare mu. Ta gaba tana da tagogi, tana sauka kusa da ɗakin janareta. Ta baya ba ta da taga ko ɗaya, kuma an daɗe da daina sa mata ƙwan fitila, don masu ɗaukar dilar yadi kullum sai sun fasa shi da kaya. Da aka yi lif, na'urar hawa da saukar da kaya, sai aka daina bin ta gaba ɗaya, ban da mai shara.

Mai sharar nan mahaifiyata ce. Shekara goma sha tara tana share benen nan, a kan tarin ƙyallayensa na yi barcin rana ina ƙarama. Ranar da na samu aikin jami'ar kiyaye haɗari, da takarduna da ƙoƙarina, na roƙe ta kada ta nuna a wurin aiki cewa ni 'yarta ce. Na ce kada a ce alfarma aka yi mini. Ba wannan ne dalilin ba, ita ma ta sani. Ta dai ce to, ta ci gaba da ninke wankinta. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne kowa a masana'antar Inna yake ce mata, don haka bakina bai taɓa yin ƙarya ba. Ita kuwa ta koma ce mini Malama kamar sauran. Manaja sabo ne, bai san komai ba. Shugabar masu ɗinki, wadda ake kira Almakashi saboda bakinta, ita ta sani, don ta sha goya ni, amma ta ja bakinta ta yi shiru.

Duk farkon wata nakan duba layin. In ɗauki babbar tocilata, in bi matakalar baya daga sama har ƙasa ina haska kowane taki, ina duba ko tef ya ɓanɓare. In na kai ƙasa sai in kashe tocilar in ɗaga kai, in ga koren layi ya hau sama abin sha'awa. Haka na nuna wa Manaja ranar farko, har ya tafa mini.

Wata rana lokacin hutun cin abinci, ina wucewa ta tsakanin mata da fayil a hannu, Inna ta jingine tsintsiyarta ta tare ni.

"Malama, abin nan naki na matakalar baya, ni fa ban taɓa ganin ya yi haske ba."

Da a gida ta faɗa, wataƙila da na saurara. Amma ido saba'in na kaina. Na ce mata ni da kaina nake dubawa duk wata, kuma a rubuce yake. Na ƙara da cewa ta je a duba mata idonta, ta bar wa masu aikin aikinsu. Aka yi dariya. Inna ma ta ɗan murmusa, ta ɗauki tsintsiyarta. Almakashi ce kawai ba ta yi dariya ba, ta ce karatu dai ya yi rana, ta ci gaba da cin abincinta.

Bayan mako uku, ranar Talata wajen sha ɗaya na safe, ina hawa na uku muka ji wata ƙara daga titi, wuta ta ɗauke, kekuna suka mutu lokaci guda. Janareta ya tashi, ya yi tari sau biyu, sai ga baƙin hayaƙi yana hawowa ta matakalar gaba. Wayoyin mata duk suna ƙasa cikin akwatuna, haka dokar wurin take. Tocilata kuwa tana kan teburina. Ban tsorata ba, ranar da nake jira ce ta zo. Na ɗaga murya na ce kowa ya nufi ƙofar baya, a bi koren layi, kada a yi gudu.

Na buɗe ƙofar. Taki uku na farko hasken zauren ya nuna su, daga nan sai duhu baƙi ƙirin. Babu layi, babu kibiya, babu komai.

A nan tsaye na gane. Tef ɗin ba ya yin haske da kansa, wanda ya sha yake mayarwa, wannan a layin farko na takardarsa yake, kuma na karanta shi a makaranta. Matakalar da ba ta ganin rana ba ta ganin fitila, me zai sha? Tocilata ce take ciyar da shi duk wata, minti biyar, in kashe in yaba wa kaina. Inna da ke shara a wurin kullum da lalube, ita ce kaɗai ta taɓa ganinsa yadda yake.

Na baya suna turowa, hayaƙi ya fara shiga maƙogwaro. Muka afka cikin duhun. Wata ta taka mini ƙafa, wata ta kama ɗankwalina, sai na ji wata ta faɗi a gabana da ƙara. Wata mai sa maɓalli ce, cikinta wata bakwai.

Sai muka ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, sandar tsintsiya a jikin ƙarfen dafawa, ƙwan, ƙwan, ƙwan, ba sauri. Muryar Inna ta biyo baya, irin wadda take tashina da ita da safe.

"Ku tsaya. Kowace ta dafa kafaɗar ta gabanta. Taki sha ɗaya ne, sai fili, ku juya hagu. Na bakwai bakinsa a karye yake, ku tsallake shi. Ku biyo ƙarar nan."

Haka muka sauka hawa uku, tana ƙwanƙwasawa tana ƙirgawa, Almakashi da wata sun tallafo mai maɓalli. Ni ma kafaɗar wata na dafa, ina bin ƙirgar kamar kowa. Muka fito tsakar rana muna tari. Wutar janaretan ba ta yi nisa ba, an kashe ta. Mai maɓalli ta karye a wuyan hannu. Cikin bai taɓu ba, Allah ya tsare.

Washegari Manaja ya kira ni. Ya riga ya buga wa wanda ya sayar mana da tef ɗin waya, shi kuma ya ce wataƙila sabulun wanke ƙasa ne ya cinye shi. Wannan bayani ya yi wa Manaja daɗi. Ya ce tsohuwar ta yi ƙoƙari jiya, ba ya musu, amma da ma shekaru sun ja, sai a sallame ta da mutunci. In rubuta rahoton haka, in kawo da safe. Na ce to. Ni da nake jayayya da shi a kan kowane ƙusa, na ce to na fito.

Da yamma a gida Inna tana tsince shinkafa, ashe labari ya riga ni zuwa. Ba ta ɗago ba ta ce in rubuta abin da Manaja ya ce, ita da ma gwiwoyinta sun gaji, ni kuwa yanzu na fara. Ba gatse take yi ba, da gaske take. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na zauna da takarda a cinya, na rubuta kwanan wata, hannuna ya ƙi gaba.

Da safe na shiga ofis babu rahoto. Almakashi tana zaune a madadin masu ɗinki, Inna tana tsaye bakin ƙofa ta rungume hannu. Na roƙi Manaja ya biyo ni. Na kai su matakalar baya na rufe ƙofa, muka tsaya cikin duhu har ya fara tambayar wane irin wasa ne wannan. Sai na kunna tocila na haska taki huɗu, na ƙirga sittin a zuci, na kashe. Huɗun nan suka yi kore shar, sauran suna baƙi.

"Ranka ya daɗe, sabulu bai yi masa komai ba," na ce. "Haske ne ba ya samu. Ni na sa shi inda babu fitila, ni nake duba shi da tocila ina yaudarar kaina. Inna ta faɗa mini mako uku da suka wuce, a gaban kowa, na ce ta je a duba idonta." Duhun ya taimake ni, ba wanda yake ganin fuskata. "Kuma mahaifiyata ce. Ni na hana ta faɗa."

Manaja ya ce ashe uwa ake karewa. Almakashi ta ce masa in kariya ce ai ta makara da shekara biyu, tun ranar da na kama aiki, ya dubi takin nan huɗu kawai, su ba su da uwa a wurin.

Ba a kore ni ba, ba a kori Inna ba. An ba ni takardar gargaɗi, aka manna kwafinta a allon sanarwa daidai inda ake ajiye wayoyi, ta yi wata guda a wurin. Kullum sai na wuce ta gabanta sau huɗu, ban taɓa sauya hanya ba. Mata suka sa mini suna Tocila. In na shigo zaure wata ta ce a kashe fitila ga haske ya iso, a bushe da dariya, ni kuma in amsa sunan in ci gaba da duba wayoyin kekuna. Na je gidan mai maɓalli sau uku. Na farko ta juya fuska bango, na biyu mijinta ya ce tana barci. Na uku ta bar ni na wanke mata kwanuka, don hannu ɗaya ba ya yi, ba ta ce mini komai ba sai da zan tafi, ta ce in ja mata ƙofa.

Na sake komawa kan Manaja da takarduna, kunya ko ba kunya, har aka sa ƙwan fitila a kowane hawa na matakalar baya, cikin ragar ƙarfe, a kunne tun daga buɗe masana'anta har tashi. Aka gyara taki na bakwai. Yanzu in zan duba layin, a ofis nake barin tocila, in kashe makunni in sauka hannu sake.

Inna har yau Malama take ce mini a wurin aiki. Na ce ta daina, ta ce bakinta ya saba. Ranar da aka kunna fitilun na same ta a hawa na biyu ta riƙe ƙugu tana kallon kusurwar bango, wurin duk yanar gizo da baƙin datti na shekara da shekaru.

"Kin ga abin da kika jawo mini," ta ce. "Da can ban san haka wurin yake ba."

Na ajiye fayil ɗina a kan taki, na ɗauko mata bokiti.